AMSOSHIN TAKARDUNKU: Shin Ƙara Kaurin Sandar Ƙarfe Ta Baya Zai Hana Mota Kwanciya A Kwana?

Daga cikin takardun da muka amsa a shirinmu na wannan mako akwai ta wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi daga yankin Dambatta ta Jihar Kano. Lokaci bai ba mu damar yi mata cikakken bayani a rediyo ba, shi ya sa muka kawo ta nan. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina da ƙaramar mota ƙirar Golf 3, da ita nake cin kasuwannin ƙauye. Duk sa'ad da na sha kwana sai in ji ta kwanta gefe guda kamar za ta kife, har fasinja su riƙa salati. Bakanikena ya ce in sayo sandar ƙarfe ta baya mai kauri, wadda suke kira sitabilaiza, ya ɗaura mini, wai motar za ta zauna daram, kuma za ta ƙara ɗaukar kaya. Don Allah ku binciko mini gaskiyar wannan magana kafin in zuba kuɗina."

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma ka yi dabara da ka tambaya tun kuɗin yana aljihunka. Maganar bakanikenka rabi da rabi ce. Cewa sandar za ta rage wa mota kwanciya a kwana, wannan gaskiya ne. Cewa za ta ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya, wannan kam babu shi. Sannan akwai abu na uku da bai gaya maka ba, wanda ya fi waɗannan biyun nauyi, domin shi ya shafi rai.

Bari mu fara da ita sandar. Idan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin mota ta gaba, galibi za ka ga wani ƙarfe mai kaurin babban yatsa ya ratsa daga wannan taya zuwa waccan, bakinsa biyu a lanƙwashe. An riƙe tsakiyarsa a jikin mota da roba guda biyu, wato bushin, bakunan kuma an haɗa kowanne da ƙafar taya ɗaya. Ba sabon abu ba ne, tun shekarar 1919 wani mutumin ƙasar Kanada ya yi rajistar wannan dabara da sunansa.

Aikinta kuwa ga shi. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, kamar irin tudun da ake yi a bakin kasuwa don rage gudu, sandar ba ta yin komai, juyawa kawai take yi a cikin robarta. Amma idan ka sha kwana, nauyin mota yakan koma kan tayoyin waje. Ka juya dama, nauyi ya tafi hagu, gefen hagu ya nutsa, na dama ya ɗaga. A nan ne baki ɗaya na sandar zai yi sama, ɗayan ya yi ƙasa, sai ta murɗe kamar yadda mai wanki yake murɗe zane. Da yake ƙarfen sifirin ce, ba ta son murɗewa, sai ta yi gardama, wannan gardamar ce take hana motar kwanciya sosai.

Ka ga ke nan dalilin da ya sa ba ta ɗaukar kaya. Buhun da ka sa a but yana danne tayoyin baya biyun tare, sandar kuwa mun ce ba ruwanta da abin da ya danne su tare. Ɗaukar kaya aikin sifirin ne da taya. Ko ka sa sanda mai kaurin taɓarya, motar da bayanta ya zauna zai ci gaba da zama.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Sanda ba ta rage nauyin da yake komawa gefe a kwana ba, abin da take yi shi ne ta zaɓi wanda zai fi ɗaukarsa, gaba ko baya. Ɓangaren da ya fi tauri shi yake kwasar kaso mafi yawa. Ita kuma taya tana da wata ɗabi'a: idan ka ninka mata nauyi, riƙon da take yi wa ƙasa yana ƙaruwa, amma ba ya ninkawa. Saboda haka tayoyi biyu da suka raba nauyi daidai sun fi riƙe hanya bisa ga biyun da ɗaya ta sha kaya ɗaya tana reto. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san wannan, in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya tafiya ba ta kyau. Ma'ana dai, ɓangaren da ka ƙara wa taurin sanda shi ne zai fara sakin hanya.

To me ya sa wasu suke ƙara kaurin ta baya da gangan? Ƙananan motoci irin taka, inji a gaba yake, tayoyin gaba ne suke ja, su ne kuma suke juyawa, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kansu yake idan babu kaya. Don haka idan aka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, gaban ne yake fara sulɓewa. Kana murza sitiyari, mota tana miƙewa abinta. Masu tseren motoci a Turai da Amurka ba sa son haka, sai su ƙara wa baya tauri don gaban ya samu sauƙi ya kama kwana da kyau. A wajensu gyara ne mai amfani, ba shi da tsada, kuma yana aiki. Har an san Golf da ɗaga tayar baya ta ciki a kwana mai tsanani, kamar kare zai yi fitsari. Amma a lura, mai tsere shi kaɗai ne a motarsa, but ɗinsa wayam, tayoyinsa sababbi, kwaltarsa sumul, kuma babu akuya ko mai babur da zai faɗo masa.

Kamfanonin ƙera motoci sun san duk wannan, kuma da saninsu suke barin gaba ya riga baya sulɓewa. Dalili shi ne, idan gaba ya sulɓe, direba yakan tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur, ɗaga ƙafar kuwa shi ne maganin, gudu ya ragu, taya ta sake kamawa. Amma idan baya ne ya kwashe, ɗaga ƙafa ko taka birki ƙara ta'azzara abin yake yi, domin nauyi yana komawa gaba, bayan ya ƙara sakewa. Kafin ka ce kwabo mota ta juya tana kallon inda ta fito, in kuwa tayar ta daki gefen kwalta ko ta faɗa yashi tana tafiya a karkace, sai kifewa. Motocin zamani suna da wata na'ura mai taka birkin taya ɗaya da kanta don ta daidaita mota idan baya ya fara kwashewa, har Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan kowace sabuwar mota daga shekarar 2014. Golf 3 kuwa an fara ƙera ta a 1991, ba ta da wannan na'ura. Hannunka ne kawai, sai kiyayewar Allah.

Sai mu dawo kan motarka ranar kasuwa. Abin da aka ƙayyade wa mota irin wannan ta ɗauka bai wuce wajen kilo 500 ba, kuma da kai direba a cikin lissafin. Buhun masara huɗu ke nan, ba fasinja ko ɗaya. Ni da kai mun san yadda ake yi: mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, buhu uku a but an ɗaure murfin da igiya, wani lokaci ga kaya a kan rufi. Ba gori nake yi ba, ni ma haka nake shiga in zan je gida. Amma motar da aka yi wa wannan lodi ta riga ta sauya hali, nauyinta ya koma baya, ya kuma yi sama, gaban ya yi sakayau. Bayanta dama a shirye yake ya kwashe. Ka zo ka ƙara masa sanda mai kauri, ka ga an yi gyaran gangar Auzinawa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne, da yake motar ta daina kwanciya, sai ka ji kamar ta fi zama, ka ƙara wuta. Kwanciyar nan da take ba ka haushi gargaɗi ce take yi maka.

Akwai kuma maganar hanya. A kan burji mai ramuka da gargada, taya ɗaya ce take faɗawa rami ɗaya tana tudu, sanda mai tauri kuwa sai ta kai bugun wannan gefe zuwa wancan, mota ta riƙa jijjiga tana tsalle, ƙwai da tumatir su gaya maka. Shi ya sa wasu motocin shiga daji, irin su Jeep Wrangler Rubicon, aka yi musu maɓallin da direba zai cire sandar gaba daga aiki idan ya bar kwalta.

Wani abu kuma game da ita Golf 3. Ƙafafunta na baya a haɗe suke da gatari guda, wanda wasu suke kira aksul, kuma an ƙera shi ne yadda shi kansa zai riƙa murɗewa. Wato gatarin nan yana yin aikin sitabilaiza tun daga kamfani, a wasu ma an ƙara sanda a cikinsa. Don haka in bakanike ya leƙa ya ce motarka ba ta da komai a baya, bai duba da kyau ba.

Shawarata, kafin a yi zancen sanda, a binciki abin da ya sa motar take kwanciya, domin ba haka ta fito daga kamfani ba. A fara da shokozoba. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, in ta tashi ta tsaya, da sauran rai, in ta ci gaba da lilo sau biyu sau uku, ya mutu. Ka duba jikinsa, in yana tsiyayar mai, ya gama aiki. A canza su biyu-biyu, kada a canza ɗaya a bar ɗaya. A duba sifirin ko ya karye ko ya zauna, a duba manyan bushin da suka riƙe gatarin baya. Sannan a leƙa sandar gaba. Sau da yawa idan robarta ta cinye ta fara ƙwal-ƙwal, sai wani bakanike ya kwance ta ya jefar ya ce ba ta da amfani. In haka ta faru da motarka, to ga ɓarawonka nan. Cire ta gaba yana sa mota kwanciya, kuma illarsa ɗaya da ƙara taurin ta baya. Mayar da ita da sabon bushin bai kai kuɗin abin da aka ce ka saya ba.

Sai taya. Akwai takarda a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai da ta nuna iskar da za a sa, layi ɗaya na mota ba kaya, layi ɗaya na cikakken lodi. Ka sa mai faci ya auna da geji, ba da bugun ƙafa ba. A gefen taya kuma akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015, ta tsufa ko da zanenta yana nan. In taya biyu kawai za ka iya saya, sa sababbin a baya. Na san direbobi da yawa za su yi mini musu a kan wannan, amma dalilin shi ne wanda muka faɗa: gara gaba ya sulɓe da baya ya kwashe. Wajen lodi kuma, mai nauyi ya zauna ƙasa, a tura shi can ciki jikin kujera, rufi a bar wa marar nauyi.

Idan an gyara duk waɗannan, kuma motar ta hawa ce a kan kwalta ba ta lodi ba, mai ita yana son ta ƙara kama kwana, to ana iya ƙara kaurin sandar, amma da lissafi. A nan tsohon malamin makaranta zai ɗan motsa. Taurin sanda ba ya tafiya daidai da kaurinta, ana ninka kaurin ne a kansa har sau huɗu. Daga milimita 20 zuwa 22, ido ba zai ga bambanci ba, amma tauri ya ƙaru da kashi 46 cikin 100. Daga 20 zuwa 24 ya ninka har da ɗoriya. Saboda haka mataki ɗaya ya isa. A nemi wadda aka yi don irin motar, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, a tafi da ma'auni, kada a yarda da "ai duk ɗaya ne". In mai ramuka biyu ko uku ce a baki, a fara da ramin can ƙarshe, shi ya fi laushi.

Kada a kuskura a ba mai walda rodin gini ya lanƙwasa. Rodi in ya murɗe ba ya komawa. Ita ma sandar gaske ba a gasa ta da wuta, ba a yi mata walda, domin zafi yana kashe ƙarfen sifirin, wata rana ta karye ana tsakiyar kwana. Wajen ɗaurawa, a sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta kafin a yi wa notuna ɗaurin ƙarshe, a tabbata sandar ba ta gogar tiyon birki ko salansa, kada a shafa wa robar baƙin mai don yana cinye ta. A gwada motar a fili inda babu jama'a, a hankali, ba kaya, sannan da kaya. Bayan mako guda a koma a sake bin notunan da sifana.

Amma kai Malam mai hatsi, da irin aikin da motarka take yi, kuɗin nan ka kai su wajen shokozoba biyu da taya biyu na baya, ka sa a duba maka sandar gaba tana nan ko an jefar. In an yi haka motar ba ta daina kwanciya ba, ka sake rubuto mana, ka gaya mana buhu nawa kake ɗorawa.