Me Ya Sa Waya Ba Za Ta Iya Gano Wanda Dusar Ƙanƙara Ta Binne Ba?

A tsaunukan Alps na Turai, wasu masu wasan zamiya kan bar filayen da aka gyara, su kutsa inda babu mai sa ido. Babban abin tsoronsu shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara.

Dusar tana taruwa ne hawa-hawa. Idan hawa mai tauri ya zauna kan mai rauni, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinke shi, falle guda ya sulalo ƙasa. Hakan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45.

Inda waya ke da amfani

Kafin fita, ana duba rahoton haɗari na ranar. Cibiyar SLF da ke Davos a ƙasar Suwizalan tana fitar da nata ta manhajar White Risk, bisa ma'auni mai mataki 5 da Turai ta amince da shi a 1993. A Suwizalan, kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, lokacin da mutane ke ganin da sauƙi. Manhajar tana kuma auna karkatar gangare.

Amma waya ba ta ganin cikin dusar. Sai an haƙa rami, a yanke ginshiƙi mai faɗin santimita 30, a ɗora shebur a kai, a riƙa bugawa: sau 10 daga wuyan hannu, 10 daga gwiwar hannu, 10 daga kafaɗa. Idan ya tsage da wuri, akwai matsala.

Inda waya ke gazawa

Wanda aka tono cikin mintuna 15 na farko ya fi samun damar rayuwa. Shi ya sa kowa ke ɗaura wata na'urar rediyo a jiki, mai aika sigina a kan kilohaz 457, wadda ke ratsa dusar. Waya ba ta da eriyar wannan zango. Siginar Bluetooth da Wi-Fi na raunana cikin dusar, GPS kuma kan yi kuskuren mitoci. A 2013, cibiyar lura da zaftarewar ƙanƙara ta Kanada ta yi gargaɗi kan manhajojin da ke iƙirarin maye gurbin na'urar.

Waya ma na iya rikita ta. Ƙa'ida ita ce a raba su da santimita 20, ko 50 lokacin neman wanda ya binnu.