Ƙauyen Fim: Me Ya Sa Hausawa Ba Su Da Inda Za Su Ziyarci Finafinansu?

A kasuwannin Gazawa, Cadawa da Gidan Rumji, rumfar mai cajin waya ba ta rabuwa da jama'a, domin a nan ake tura finafinai. Matashi ya miƙa wayarsa, ya biya 'yan dalolinsa, a zuba masa sabon kashi na Labarina ko Izzar So, da dare kuma mutanen gida su taru a kan allo ɗaya. Fiye da shekara ashirin ke nan finafinan Kano, waɗanda a Nijar aka fi sani da dandalin soyayya, suna cin kasuwa a jihar Maraɗi. Sai dai mai kallo daga Agye da zai tara kuɗin mota ya tafi Kano don ya ga inda aka yi fim ɗin da ya fi so, zai dawo bai ga komai ba. In ban da 'yan ƙananan wuraren ɗaukar hoto da wasu masu sana'ar suka gina da aljihunsu, babu wani babban fili da iyali za su sayi tikiti su shiga su wuni.

A wasu ƙasashe kuwa, wannan ziyara sana'a ce mai zaman kanta, kuma ta daɗe. A 1915 Carl Laemmle ya buɗe Universal City kusa da Los Angeles a Amurka, ya bar jama'a suna biyan santi 25 su zauna a kan benci su kalli yadda ake ɗaukar fim. A lokacin finafinan ba su da murya, don haka shewar 'yan kallo ba ta ɓata aiki. Da fim mai magana ya shigo, sai aka rufe ƙofa, ba a sake buɗe ta sosai ba sai 1964, lokacin da aka fara zagayawa da baƙi a cikin motoci masu tarago. Kafin nan Walt Disney ya riga ya buɗe Disneyland a 1955, inda ya mayar da 'yan zanen finafinansa abin da yaro zai taɓa da hannu. Daga waɗannan biyu aka gaji haɗa fim da lilo, jirage, gidajen tsoro da wasannin faɗa na ƙarya da ake gani a irin waɗannan wurare yau.

Misalan da suka fi kusa da zuciyar Bahaushe suna Asiya. A Haidarabad ta Indiya, Ramoji Rao ya kafa birnin fim a 1996 a kan fili mai eka 1,666, da tituna, lambuna, tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama na kwaikwayo. Fadar da aka gina don fim ɗin Baahubali, wanda masu kallon Indiya-Hausa suka sani sarai, ba a rushe ta ba bayan an gama aiki. Ita ce yanzu take jan baƙi. A Hengdian ta ƙasar Sin, an fara ne a 1996 da gina tsohon titi guda don wani fim na tarihi, daga baya aka kwaikwayi fadar sarakunan Beijing. Tun shekarar 2000 masu wurin suka daina karɓar kuɗin fili daga masu shirya fim. Sun gane cewa idan taurari suna zuwa, 'yan kallo za su biyo su, kuma a tikiti, otal da abinci ribar take.

A duk waɗannan wurare fim ne ya riga, ginin nishaɗi ya biyo baya. Inda aka juya lamarin, an sha wuya. Bollywood Parks na Dubai, wanda aka buɗe a 2016 da sunan finafinan Indiya alhali sana'ar tana can Mumbai, an rufe shi a Afrilun 2023. Tinapa ta Kalaba, da aka ƙaddamar a 2007 da katafaren ɗakin ɗaukar fim, bashi ya danne ta, masu fim kuma ba su bar Legas sun koma can ba.

Ƙasar Hausa ta taɓa zuwa dab da samun nata. A tsakiyar 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da shirin gina ƙauyen fim a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, a kan hekta 20, da kuɗi kimanin naira biliyan 3. Ɗan majalisar yankin, Abdulmumin Jibrin, yana cikin na gaba-gaba. Tsarin ya ƙunshi makarantar koyon sana'ar, ɗakin taro mai cin mutum 400, masaukin ɗalibai, otal, kantuna, filin wasa da asibiti. Cikin 'yan kwanaki malamai suka hau mumbari suna suka, Sheikh Abdallah Gadon Ƙaya yana cikin waɗanda muryarsu ta fi fita, muhawara ta mamaye Facebook da gidajen rediyo. Kafin watan Yuli ya ƙare, gwamnati ta ce ta janye.

Sauƙi ne a ce malamai ne suka kashe shirin a tsaya nan, amma dalilan sun fi haka zurfi. Zargin da ake wa gidan kallo a Kano tsoho ne. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya ta hallaka mutum 331, mutane da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah. Shekara da shekaru silima tana cikin wuraren da ɗan mutunci ba ya so a gan shi, mace kuwa ba a ma maganarta. Abin da ya sa Kannywood, wato sana'ar finafinan Kano, ta bunƙasa bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 shi ne kaset, wanda ya kai fim har ɗakin matar aure ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Jama'a sun karɓi fim ne a matsayin abin cikin gida. Shirin Kofa ya zo yana neman ya fito da shi fili, da otal a gefe, ba tare da an zauna da malamai, sarakuna da iyaye an bayyana musu wa zai shiga, wa zai kwana, wa zai sa ido ba. Tsoron iyaye a nan ba abin raini ba ne, kuma masu shirin sun yi sakaci da suka bar shi ba amsa.

Mutanen Maraɗi sun san irin wannan zafi. A Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta bazu har Maraɗi, inda aka ƙona mashaya da wasu gidaje. Duk mai tunanin gina wurin nishaɗi tsakanin Tsibiri da Gazawa dole ya san wannan tarihi.

Akwai kuma dalili daga cikin sana'ar kanta, wanda ba a cika faɗa ba. Yawancin finafinan Hausa a falon aro ake ɗaukar su, ko a lambun otal, ko a ofishin wani abokin furodusa. Kuɗin fim kaɗan ne, satar fasaha ta cinye ribar faifai, don haka ba a gina komai, ba a kuma bar komai a baya. Ba wanda zai yi tafiyar kilomita ɗari biyu don ya ga kujerun falo irin na maƙwabcinsa. Da Kunle Afolayan ya gina ƙauyen gargajiya a Igbojaye ta jihar Oyo don fim ɗinsa Anikulapo na 2022, ya sami abin da zai nuna wa baƙi, daga baya ya mayar da wurin masauki da wurin shaƙatawa. Labarin tarihi ne ya tilasta ginin.

Sakamakon rashin ya fi taɓa ƙananan ma'aikata. Taurari sun koma YouTube da tashar Arewa24 sun ci gaba da rayuwa. Waɗanda suka rasa su ne magina, kafintoci, maɗinka, dukawa, masu dawaki, masu abinci da matasan da za su koyi aikin haske da sauti a makaranta maimakon a bayan ubangida. Fim ɗin Hausa kuma ya ci gaba da kewaya soyayya da rikicin kishiyoyi, domin su ne labaran da falo zai iya ɗauka. Labaran yaƙi da sarauta suna buƙatar ganuwa, fada da fili. Abin takaici ne a tuna cewa Sarraounia, fim ɗin Med Hondo na 1986 a kan sarauniyar Lugu, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a Nijar ba.

Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji suna da abin da falon Kano ba shi da shi. Tsibiri tana riƙe da sarautar Gobir tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da fadarta da hawanta da makaɗanta. Ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa wannan yanki a 1899 kafin ya tarwatse kusa da Tasawa, kuma tsofaffi suna ba da labarin har yau. Ga gonakin gawo da goruba, ga rumbunan ƙasa, ga 'yan kokawa da masu rakuma. Ƙaramin ƙauyen laka da za a gina don fim ɗin tarihi guda, a buɗe shi da rana kawai, a keɓe ranakun iyali da na 'yan makaranta, a yi shi da sanin sarki da liman, ya fi dacewa da aljihu da ɗabi'ar yankin fiye da birnin biliyoyi.

Cikas ɗin da ke gaba na zahiri ne. Tun 2019 'yan bindiga suka addabi bakin iyaka, gundumar Gidan Rumji tana ɗauke da dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka. An rufe iyaka a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, kowane karo zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi ta tsaya. Manomin aya a Cadawa kuwa sai bayan kaka da lokacin sallah yake da rarar kuɗin fita da iyali, don haka wurin zai rayu ne a kan 'yan makonni a shekara. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, shi ne zai iya sauya wannan lissafi, domin zai ratsa Katsina da Jibiya ya haɗa masu yin fim da ɗimbin masu kallonsu na ƙetaren iyaka a tafiyar yini ɗaya.