Ƙafar Dinya Mai Ganyen Ɓaure

Daga cikin tsirran da Allah Ya shimfiɗa a gonakin Turai da Asiya, waɗanda manomi ke tumɓukewa ba tare da ya tambayi nasabarsu ba, akwai wata ciyawa 'yar dangin alayyafo, wadda malaman ilimin tsirrai suka yi wa laƙabi da Chenopodium ficifolium, wato ƙafar dinya mai ganyen ɓaure, saboda ganyenta ya rabu gida uku, na tsakiya dogo, na gefe gajeru. Wani masani ɗan Ingila, James Edward Smith, shi ya siffanta ta a shekarar 1800. Shekara guda take rayuwa, tana son ƙasa mai dausayi da gefen jujin taki, kuma sabon tohonta yakan fito da wani farin gari-gari kamar an barbaɗa masa.

Amma abin da ya fi jan hankalina game da ita, alhali kuwa mutane ba su ɗauke ta a bakin komai ba, shi ne zumuncin da bincike ya tabbatar tsakaninta da kinuwa, abincin nan da mutanen duwatsun Andis na Peru da Bolibiya suka gada kaka da kakanni. Domin kinuwa ta samu ne daga haɗuwar tsirrai iri biyu, ɗaya daga cikinsu kuwa makusancin wannan ciyawa ne ƙwarai. Zaren gadon wannan ciyawa, wato kromosom, 18 ne, na kinuwa 36, don haka masana ke samun sauƙin nazarin lokacin furen kinuwa ta hanyarta.