Yadda Ake Zana Jadawalin Gasar Sili-Ɗaya-Ƙwale Mai Ɓangare Biyu da D3.js

A gasar ƙwallon unguwanni a Daura, sau da yawa gardama kan fara ne tun a kan takardar jadawali, kafin a shiga fili. Ana zana ta da biro a kwali, a ɗauki hoto a tura WhatsApp, a soke suna a rubuta wani. Kafin a kai kwata fainal, ba kowa ke iya gane wanda zai haɗu da wa ba, kuma nan zargi ke shigowa. Jadawalin da kwamfuta ta zana daga bayanai guda ɗaya yana rage wannan matsala, musamman mai ɓangare biyu irin wanda ake gani a talabijin: rabin ƙungiyoyi a hagu, rabi a dama, wasan ƙarshe a tsakiya.

Misali shi ne Kofin Afirka da aka kammala a Fabrairun 2024. Najeriya ta fitar da Kamaru, Angola da Afirka ta Kudu a nata ɓangaren, Kwaddebuwa ta taso daga ɗaya ɓangaren, suka haɗu a tsakiya, masu masaukin baƙi suka ci 2-1. A idon kwamfuta wannan bishiya ce. Wasan ƙarshe shi ne tushe, kowane wasa yana da rassa biyu, ƙungiyoyi su ne ganye.

Manhajar D3.js, wadda Mike Bostock ya fitar a 2011, kyauta ce, kuma tana zane da SVG a cikin burauza. Ana shirya wasanni a JSON, a miƙa wa d3.hierarchy, sannan d3.tree ya ba kowane wasa wurin zamansa. Sai dai bishiyar D3 ɓangare ɗaya take fuskanta, daga sama zuwa ƙasa. Dabarar ita ce a cire wasan ƙarshe, a lissafa kowane reshe daban, a musanya x da y don bishiyar ta kwanta. Reshen hagu a cire nisansa daga tsakiyar allo, na dama a ƙara.

Akwai masu saurin juya ɓangare guda da scale(-1,1). Layuka za su yi kyau, amma sunayen ƙungiyoyi za su fito a juye kamar rubutu a madubi. Gara a juya lissafin kawai, a daidaita sunaye da text-anchor.

Inda aiki yake shi ne adadin ƙungiyoyi. Jadawali yana cika daidai ne da 8, 16 ko 32, alhali gasar unguwa ba ta jiran lissafi. Wanda ya biya kuɗin rajista ya shiga. A ce ƙungiyoyi 13 ne. Wasanni 12 za a buga, domin kowane wasa ƙungiya ɗaya yake fitarwa. Uku za su wuce zagayen farko ba tare da sun taɓa ƙwallo ba, sauran 10 su buga wasanni 5, a samu 8. A nan ne zaɓi tsakanin d3.tree da d3.cluster yake da nauyi. Shi d3.cluster yana jera dukkan ganye a layi ɗaya, don haka zai ja waɗannan ukun zuwa zagayen farko kamar sun buga. Shi kuwa d3.tree yana ajiye kowa gwargwadon nisansa daga wasan ƙarshe, sai kowa ya ga waɗanda suka samu hutu ƙarara. A kuma raba su, biyu a wani ɓangare, ɗaya a ɗayan. Idan aka tara su wuri guda, ko da ƙuri'a aka yi, sai an ce an yi son kai.

Saura batun waya, tunda a nan akasarin mutane za su kalla. Ƙungiyoyi 16 a ɓangare biyu layi 8 kawai suke ci daga sama zuwa ƙasa, amma faɗin ya kusan ninkawa, allon waya kuma siriri ne. Sanya viewBox yana sa zanen ya shige allo, amma rubutu ya ƙanƙance. Mafita ita ce a gajarta sunaye, a kuma fitar da hoton PNG wanda za a iya zuƙowa a WhatsApp, ko a buga a takardar A3 a manna a bakin fili.