Yatsa Mai Rawa da Gilashin Waya

Dattijon da hannunsa ke karkarwa, in kira ya shigo, sau da yawa kafin ya ja koriyar alamar nan kiran ya katse. Sai jikoki su ce Baba bai iya waya ba. Ni kuwa na fi ɗora laifin a kan ma'aunin da aka yi wa wayar. Gilashinta yana gane yatsa ne saboda fata na ɗaukar lantarki, shi ya sa busasshen yatsa a hunturu, ko mai kanta irin na manomi, yake shan wahala. Sannan wayar tana ƙirga lokaci. A Android, in yatsa ya zauna kamar rabin sakan, to ya tashi daga taɓawa ya koma dogon danni, sai wani abu daban ya buɗe.

Ana iya sauya wannan ma'auni, sai dai an ɓoye shi a can ƙasan saituna, sashen masu buƙata ta musamman, inda mai sayar da waya ba ya ko leƙawa. A Android akwai zaɓi uku na jinkirin dogon danni: gajere, matsakaici da dogo. Apple ya zurfafa a 2015: mutum ya ƙayyade tsawon lokacin da yatsa zai zauna kafin a lissafa shi, ya kuma umarci wayar ta ɗauki taɓawa biyu ko uku da suka zo a jere a matsayin guda. Ga mai cutar Parkinson ko wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, wannan ne ke raba harafi ɗaya da biyar. Mu masu rubuta Hausa batun dogon danni ya shafe mu sosai, domin a madannai da dama sai an danne k, d ko b kafin ƙ, ɗ da ɓ su fito.

Tun 2011 iPhone ke da AssistiveTouch, ɗan ɗigon da ke yawo a gilashi a madadin maɓallai. Masu lafiya ma sun rungume ta, don kada maɓallin tsakiya na tsofaffin iPhone ya lalace.

Batun kira ya fi sauƙi. A wayoyin Samsung ana amsawa da maɓallin ƙara murya, a Android kuma ana iya sa maɓallin kunnawa ya katse. iPhone na iya ɗaukar kira da kanta bayan 'yan sakanni, ta tura muryar ga lasifika.

Kurame kuwa tarihinsu ya girmi duk wannan. A 1964 Robert Weitbrecht, wani kurma masanin kimiyya a Amurka, ya ƙera na'urar da ta sa ake tura rubutu ta layin tarho. Jikanyarta ita ce RTT, inda harafi ke isa ga abokin magana yayin da ake buga shi, cikin kiran. Amma ba ta aiki sai kamfanin layi ya buɗe mata hanya.