Na'urar Wasa Ta Hannu: Wacce Ta Dace Da Mai Son Rubuta Nasa Wasan?

Duk mai harkar kayan wuta a kasuwannin kan iyaka, daga Birnin Konni zuwa Illela ko Jibiya, ya san ƙananan na'urorin wasan nan da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, waɗanda yara ke kira gem. Galibin masu saye wasa kawai suke so. Amma akwai wani mai saye daban, ɗan makaranta ko matashi mai sha'awar kwamfuta, wanda burinsa ya rubuta nasa wasan da kansa, ya gan shi yana motsi a tafin hannunsa. In aka miƙa masa wadda ba ta dace ba, kuɗinsa sun salwanta, mai shago kuma ya rasa abokin ciniki.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ko na'urar tana da hanyar da za a zuba mata sabuwar manhaja. Masu arahar nan da ake rubuta wa wasanni 400 a jikin kwalinsu, yawancinsu a rufe suke ruf. An dasa wasannin a cikinsu tun daga masana'anta, babu gurbin katin memori, kebul ɗinsu kuma na caji ne kawai. Su yi kyau ga yaro, amma ba su da amfani ga mai koyo.

A ganinmu, mai farawa ya fara da Game Boy, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1989. Wani zai yi dariya, to amma ƙanƙantarta ce amfaninta. Allonta ɗigo 160 ne a kwance da 144 a tsaye, launinta huɗu kacal, ƙwaƙwalwar aikinta kuwa kilobait 8. Mutum ɗaya zai iya fahimtar ta ciki da waje. Akwai manhajar GB Studio da ta fito a 2019, kyauta, wadda ake haɗa wasa da ita ko da mutum bai iya harshen kwamfuta ba. Wanda ya ƙware sai ya koma GBDK ya rubuta da harshen C. Sai dai tsohuwar na'urar tana buƙatar kaset na musamman da ake zuba wasa a ciki, kuma shi ma da kuɗinsa.

Nan ne na'urorin Sin masu katin memori suka shigo, irin su Anbernic da Miyoo Mini da R36S. Da yawansu da tsarin Linux suke aiki, kuma suna kwaikwayon Game Boy. Mutum ya haɗa wasansa a kwamfuta, ya kwafa a kati, ya saka, shi ke nan. Ma'ana, kwamfutar dai dole ce, ko da ta aro.

Akwai Playdate ta Amurka da Steam Deck, duka na 2022, kuma duka a buɗe suke ga masu rubuta manhaja, amma tsadarsu ta wuce aljihun ɗalibi.

Ga ƴan'uwanmu masu sari kuwa, a yi hattara. R36S ta yi suna har an cika kasuwa da jabunta, kuma sau da yawa jabun ba ta karɓar manhajar da aka yi wa ta ainihi. Katunan da ake haɗo su da na'urorin nan su ma ba su cika ƙarko ba, ga shi akasari cike suke da wasannin da aka kwafa ba da izinin masu su ba. Kafin a biya kuɗin kwali guda, a buɗe ɗaya, a saka mata wani kati mai ɗauke da ƙaramin wasan da aka haɗa a GB Studio, a ga ko za ta karanta shi.