Zafin Ɗaki Kafin Gudun Furosesa

Matashin da ya tara kuɗinsa a unguwar Zaitawa ta Kano yana son haɗa kwamfutar buga gem, yawanci daga bidiyon YouTube yake kwaso jerin kayan da zai saya. Mai bidiyon yana zaune ne a Amurka ko Jamus, cikin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 ba, wutarsa ba ta ƙiftawa, in kaya ya lalace kuma zai mayar a canza masa. Namu kuwa zai kunna tasa ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 da rana, a ɗakin da tagarsa ɗaya ce tana kallon lungu. Kayan iri ɗaya ne, amma aikin da za su yi a wuraren biyu ya bambanta, musamman ga mai burin obakulokin, wato tilasta wa furosesa ko katin hoto gudun da ya zarce wanda kamfani ya ɗora shi a kai.

An yi zamanin da wannan harka take da riba ta gaske. A 1998 Intel ya fitar da Celeron 300A mai gudun megahaz 300, mutane suka gano cewa da ɗan sauyi a madabod yana kai 450 lafiya lau, ƙarin rabin gudunsa ke nan a kyauta. A 2011 ma Core i5-2500K da aka sayar a kan gigahaz 3.3 ya riƙa kaiwa 4.5 da fanka mai kyau kawai. Wancan zamani ya wuce. Furosesan yau da kansa yake auna zafinsa da wutar da yake sha, ya ɗaga gudu iya ƙarfinsa, ya sauke in ya ji wuya. Abin da ya rage wa mai taɓawa da hannu kaɗan ne, sau da yawa ido ba ya ma ganin bambancin a cikin gem.

Kuma kaɗan ɗin nan ba a banza yake zuwa ba. Kafin furosesa ya tsaya daram a gudun da ya fi nasa sai an ƙara masa ƙarfin wuta, zafi kuwa tsalle yake yi ya wuce ƙarin wutar: in ƙarfin ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, zafin da ake fitarwa yakan ƙaru da kusan kashi 21, tun ba a lissafa na ƙarin gudun kansa ba. Abin da ya sami Intel a 2024 ya nuna inda yawan wuta ke kaiwa. Manyan furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 sun riƙa tsayawa ana tsakiyar gem, har a hannun waɗanda ba su taɓa musu komai ba. Daga baya kamfanin ya amsa cewa wutar da suke nema ta yi yawa, tana cin su a hankali, ya fitar da gyara, ya ƙara shekara biyu a kan garanti. Wanda ya riga ya lalace, gyaran ba ya dawo da shi. Don haka mai sayen irinsu na hannu caca yake yi, domin ba a rubuta wahalar da suka sha a jikinsu ba.

A ɓangaren Intel sai ka biya kuɗin ƙofa sau biyu: furosesa mai harafin K a ƙarshe, kamar i5-12600K, da madabod mai harafin Z, kamar Z690 ko Z790. In ɗaya ya rasa, zancen ƙara wa furosesa gudu ya tashi. AMD ya fi sassauci. Ryzen 5 5600 mai ƙwaya shida a buɗe yake, kuma madabod B450 ko B550 ya ishe shi, A320 da A520 ne dai ba su yarda ba. Ga mai matsakaicin ƙarfi a Kano ni wannan nake zaɓa. Soket ɗinsa, AM4, yana hannun jama'a tun fitowar Ryzen a 2017, kayansa sun yawaita har na hannu, kuma wutar da furosesan ke sha ba ta kai wat 90 ba, alhali 12600K na kai wat 150 tun ba a taɓa shi ba. Wanda aljihunsa ya fi nauyi sai ya hau Ryzen 5 7600 a kan B650, amma ya sani soket ɗinsa, AM5, ba ya karɓar kowane RAM sai DDR5, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025.

In an miƙo maka madabod, kafin ka kalli fitilunsa masu launi, duba gefen soket. Akwai jerin ƙananan na'urori da ke daidaita wutar da ke shiga furosesa. In ba a rufa musu ƙarfen sanyaya ba, ajiye shi, don su ne ke fara galabaita a ɗaki mai zafi, su ja gudun ƙasa ba tare da ka san dalili ba. Sannan tsohon B450 ba ya gane Ryzen 5000 sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke tayar da madabod, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan aiki madabod na iya mutuwa. Ka sa mai shago ya yi a gabanka, a kan wutar da ba za ta yanke ba.

A nan ya kamata a ja kunnen masu ruɗuwa da kwamfutocin ofis na gwanjo, irin su Dell OptiPlex da HP, da ake cusa wa katin hoto a kira su kwamfutar gem. Suna buga eFootball da GTA V, ba a musa ba, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi hanya ce. Amma BIOS ɗinsu a kulle yake, tukunyar wutarsu ƙarama ce, da yawansu ma mahaɗar wayarsu ta kamfanin ce kaɗai. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ƙarin gudun da ya fi kowanne riba, kuma kusan babu haɗari a cikinsa, yana wajen RAM. Sandar DDR4 da aka rubuta wa 3200 ko 3600 a jikinta, in ka sa ta haka nan, yawanci a kan 2133 ko 2400 za ta tashi, sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, ko EXPO a kan AM5. Mutane da yawa sun biya kuɗin gudun da ba su taɓa amfani da shi ba. Ka sayi sanda biyu masu giga 8 maimakon ɗaya mai 16, domin biyu hanya biyu suke buɗewa, kuma Ryzen na jin daɗin haka ƙwarai. DDR5 kuwa, 6000 ya wadatar.

Katin hoto shi ne mai gem, shi ya cancanci kaso mafi tsoka, a ganina kusan biyu cikin biyar na kuɗin gaba ɗaya. Kuɗin da za ka ƙara don harafin K da Z, in ka zuba shi a nan, ido zai ga bambanci nan take. A matsakaicin mataki akwai RX 6600 mai shan wat 132, da RTX 3060 mai giga 12 da wat 170, da RTX 4060 mai giga 8 da wat 115. A ƙasashen sanyi wannan lissafin wat ba ya damun kowa. A cikin gari kuwa kowane wat zafi ne da zai zauna da kai a ɗaki, kuma caji ne da ke fita daga batirin inbata. Sai kuma tarihin katin. A ranar 15 ga Satumba 2022 kuɗin kirifto na Ethereum ya daina dogaro da haƙa da katin hoto, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Ba dukkansu ne matattu ba, amma fankarsu ta gaji, man sanyayarsu ya bushe. Ko a Beirut Road kake ciniki, ko Farm Centre, ko saƙo ka yi daga Computer Village ta Ikeja, ka nemi a buɗe GPU-Z a ga ainihin sunan katin, a kuma sa masa FurMark na ɗan lokaci kana kallon zafinsa. Tun da darajar naira ta faɗi bayan watan Yunin 2023, har dala ta haura 1,500 a 2024, kuskure ɗaya a nan na iya cinye tarin wata da watanni.

Tukunyar wuta, wadda 'yan kasuwa ke cewa fawa saflai, ita ce inda aka fi yin rowa, kuma ita ce in ta ƙone takan tafi da maƙwabtanta. Araha ba ta ado. Wat 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani, kamar Corsair ko Seasonic, mai shaidar 80 Plus Bronze, ya ishi irin wannan haɗi har da rara. Wadda ta zo kyauta a cikin akwati, mara nauyi a hannu, ba abin yarda ba ce ko me aka rubuta mata. Tukunyoyin zamani kuma ba sa shiri da inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul: wasu su yi ta ƙara, wasu su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Inbata ko UPS da za ka haɗa, ka tabbatar mai tsabtatacciyar wuta ce irin ta layi. Ƙaramin janareto kai tsaye, ba tare da sitabilaiza ba, neman magana ne. In gidanku tsohon wayarin ne da ba a ja masa wayar ƙasa ba, a kira mai wayarin ya ja, don abin kare kaya daga tsallen wuta ba ya cika aikinsa sai da ita.

Ga lissafin a taƙaice. Ryzen 5 5600 da RTX 4060 da allo, ana tsakiyar gem, suna shan kimanin wat 250, wato yunit ɗaya a awa huɗu. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 na ɗauke da yunit 2.4, amma irin mai ruwa rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, abin da bai wuce awa huɗu da ɗoriya ba. Ƙara wat 80 don neman ɗan gudu, ka yanke wa kanka kusan awa guda. Wanda ya ga watan Oktoban 2024, lokacin da Kano da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya san darajar awa guda ta batir.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. In mai gwaji a Turai ya ce furosesa ya tsaya a digiri 75, ka ƙara masa bambancin ɗakinku, za ka gan shi a 90 ko fiye, inda zai fara sauke gudu da kansa. Neman obakulokin a ɗakin bulo mai rufin kwano da azahar kamar fifita koko ne a bakin murhu. A nan tsoffin gidajen ƙasa na Zaitawa da maƙwabtanta sun fi sababbin gine-gine: bango mai kauri da rufin azara suna jinkirta zafin rana, don haka ɗakin ƙasa ya fi na bulo dacewa da kwamfuta. Fankar hasumiya irin DeepCool AK400 ko Thermalright Peerless Assassin 120 na fi so a kan mai sanyaya da ruwa, saboda in famfon ruwan ya tsaya ba mai gyara shi, ita kuwa fanka ce kawai za a canza. Akwatin ya zama mai raga a gaba, ba gilashi ba.

Hunturu na kawo sanyi, amma da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, mai laushi kamar gari, tana toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa, kuma a sa musu matata, don kada ƙura ta riƙa shiga ta kowace kafa. A ɗora akwatin a kan tebur, a hure shi da abin hura iska duk bayan 'yan makonni, ana riƙe da fanka kada ta juya.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne rage wuta a bar gudu. A kan Ryzen 5000 da na bayansa akwai Curve Optimizer a cikin BIOS: ka sauke lambar kaɗan-kaɗan, furosesa ya rage zafi, shi da kansa sai ya daɗe a babban gudunsa. Katin hoto ma ana yi masa haka da MSI Afterburner. Kowane sauyi a gwada shi da Cinebench da MemTest86, ana duba zafi a HWiNFO, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma saitin da ya zauna lafiya a daren Janairu ba lallai ya tsaya a watan Afrilu ba, sai a sake gwajin da rana tsaka in bazara ta shigo.